Kaza Ta Rasa 'Ya'yanta: Dare da Fitila Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram

Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa ɗaura agogo ba, amma ban san ranar da ta makara sahur ba. Azumin ƙarshen shekarun 1990, wanda shi ne na fara yin wayo da shi, cikin hunturu ya faɗo. A ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram takan fito tsakar gida lulluɓe da mayafi, ta ɗaga kai ta dubi yamma, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a hura wuta, ko kuwa ta ce a koma a ɗan ƙara kwanciya. Na daɗe ina zaton da wani take shawara a can sama. Sai wata rana ta kama hannuna ta nuna mini wani ɗan curin taurari da ya sunkuya zai faɗi, ta ce Kaza ce da 'ya'yanta, in ƙirga mata su. Na ce shida. Ta yi dariya ta ce, "Haba maigida, ashe tsufa ya riga ya cinye maka ido? Ni amaryarka bakwai nake gani."

Wannan wasan na kaka da jika shi ne asalin kundin digirina na biyu, wanda na rubuta a kan sunayen halittun sama a bakin Hausawan kudancin Jigawa. Na shiga aikin da tunanin cewa matsalata ita ce tsofaffi suna ƙarewa, kamar yadda kowane mai nazarin adabin baka yake kuka. Ban yi tsammanin abin da sunayen suke nuni gare shi ne zai riga masu sunayen ɓacewa ba.

A Birnin Kudu na fara gane haka. Wani dattijo, tsohon fatake da aka ce ya san sama kamar tafin hannunsa, ya karɓe ni a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i. Ya lissafa mini sunaye, na rubuta, sannan na roƙe shi ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, domin suna ba tare da sanin abin da ake kira da shi ba rabin bayani ne. Ya miƙe, ya kare idonsa da hannu daga fitilar sola da aka kafa a bakin layin, ya juya gabas, ya juya kudu, ya daɗe yana dube-dube. Daga ƙarshe ya koma kan tabarmarsa ya ce, "Ɗana, suna nan, Allah bai kwashe su ba. Amma a nan ƙofar ba sa fitowa."

Shi ne ya tura ni wurin wani tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, wanda mutanen unguwa suke ɗauka da ɗan taɓin boko saboda yawan hawa dutse da dare. Wurin da malamin yake kira ɗakin dubansa ba shi da bango balle rufi. Wani falalen dutse ne a yammacin gari, irin duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu, inda ya sa magini ya ɗora masa ɗan ginshiƙin siminti mai tsayin ƙugu don ya riƙa ɗora madubin hangen nesansa. Madubin ƙarami ne, a cikin akwatin katako yake ɗauko shi a bayan babur, tare da tabarma, da tocila wadda ya rufe bakinta da jar leda, da wani littafin rajista da ya cika da kwanan wata da zane-zane. Ya ce shekaru da dama ɗalibai sun hau dutsen nan sun ga zoben Zuhal da watanni huɗu na Mushtari da idonsu, wasu har suka rantse hoto ya manna a bakin madubin.

Daren da na fara bin sa cikin Nuwamba ne, wata ya riga ya ɓace. Mun zauna kusan rabin awa ba tare da kunna komai ba, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallo ɗaya na fuskar waya ya isa ya mayar da shi baya. Yamma da tsakiyar sama ba laifi. Gabas kuwa, inda garin yake, wani farin haske ne ya tokare sama kamar an kife ƙwarya, kuma ta cikinsa Kaza take ƙoƙarin fitowa. Na ƙirga huɗu, na matse ido na sami na biyar da ƙyar. Malam ya riƙa nuna mini tushen hasken da sandarsa: gidajen mai da ke bakin babban titin da ya fito daga Kano, waɗanda fitilunsu suke kallon sama da gefe, jerin fitilun sola na ayyukan mazaɓu, da sababbin gidajen da suka tsallako har gindin dutsen, kowanne da farin ƙwai a kan katanga yana ci har asuba. Ya ce, "Zuhal da Mushtari ba ruwansu, ko a tsakiyar Kano ka kafa madubi za ka gan su. Talakawan sama ake kora, ƙananan nan da sai dare ya yi dare suke fitowa."

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. Hasken da ya tashi sama yana bugun ƙwayoyin iska da ƙura da danshi, ya warwatsu ya dawo ƙasa, sai shimfiɗar sama ta yi fari-fari, tauraron da bai fi ta haske ba ya nutse a ciki. Fararen fitilun zamani suna ɗauke da shuɗin haske mai yawa, shuɗi kuwa ya fi sauran launuka warwatsuwa a iska. A ƙasarmu akwai ƙarin wata illa, wato hazon hunturu. Watannin da gajimare ya janye, waɗanda ya kamata su zama kakar mai duban taurari, su ne kuma ƙura take rataye a sama tana kama hasken gari tana shimfiɗa shi.

A nan ɗalibin harshe yake cin karo da matsalarsa ta farko, wato me zai kira wannan abu. Na ga an fassara shi da gurɓatar haske, amma a kunnen Bahaushe wannan yana nufin hasken ne ya lalace, alhali hasken lafiyarsa lau, dare ne ya lalace. Ni na fi karkata ga malalar haske, domin kamar ruwa ne da aka ɗebo don shuka ya malale ya bi hanya. Sai dai ko wace kalma aka zaɓa, tana iyo ne a kan ruwan da ke gangarowa. Haske a Hausa ilimi ne, shiriya ce, buɗi ne. Wanda bai yi karatu ba cikin duhun kai yake, mai bayani kuwa ƙarin haske yake yi, kuma addu'ar da muke yi wa mamaci ita ce Allah ya haskaka kabarinsa. Mutumin da ya tashi a gaban jama'a ya ce haske ya yi yawa, tun kafin ya rufe baki harshen da yake magana da shi ya ƙaryata shi. Duk da haka Hausa ba ta yanke wa dare hukunci guda ba. Ta ce dare rigar mugu, ta kuma ce dare mahutar bawa. Masu kafa fitila karin maganar farko suka riƙe, kuma suna da hujja. Ta biyun ce ba ta da mai kare ta a wurin rabon kwangila.

Ba mu muka fara shiga wannan hali ba, mu ne ma na baya-baya. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana a ƙarƙashin sama da hasken fitilu ya dusashe, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama, wadda littattafan Larabci suke kira Majarra. Ƙasashen da taswirar ta samu da mafi tsabtar dare sun haɗa da maƙwabciyarmu Cadi, da Afirka ta Tsakiya, da Madagaska, kuma kowa ya san ba don sun tsara hakan ba ne. A 2023 kuma Christopher Kyba da wasu masana suka tattara rahotanni sama da 50,000 na mutanen da suka ƙirga taurari da ido tsakanin 2011 da 2022, suka ga hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara. Bisa wannan lissafi, yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100 za su rage masa. Yawancin rahotannin daga Turai da Amurka ta Arewa suka fito. Littafin rajistar Malam, wanda ba wanda ya taɓa neman gani, irin shaidar da ake rasawa ce daga wannan ɓangare na duniya.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne, ilimin taurarinmu kashi biyu ne, kuma malalar haske ba daidai take cin su ba. Akwai na malamai, wanda ya zo ta littattafan hisabi, shi ne kuma wanda Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa a wata muƙala ta 1967. A wannan tsari shekara tana da taurari 28, kowanne da kwana 13, in ban da ɗaya mai kwana 14, jimilla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da hunturu. Manomi dattijo a Sara ko Sundimina zai iya gaya maka ana cikin Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa ko Jabha, da irin ruwan da ake sa rai a cikin kowanne, da wanda in ya wuce ba ka yi shuka ba ka makara. Amma da na riƙa tambaya, sai na tarar akasarin masu wannan lissafi ba sa ɗaga kai. Daga takarda suke ƙirgawa, ko su tambayi liman, yanzu ma har ta waya ake turo shi. Wannan ilimi ya daɗe da sauka daga sama ya koma cikin tawada, saboda haka ko an haskake dare kamar rana zai rayu.

Kashi na biyu shi ne na kakata, wanda ba a taɓa rubuta shi don a koyar ba. Shi ne ya ga kaza da 'yan tsaki a inda malamai suka ce Surayya. Shi ne ya aurar wa wata Zara, ya kira tauraron asuba Gamzaki, ba tare da ya damu da cewa masu falaki sun ce Zuhura ce take fitowa wani lokaci da yamma wani lokaci da asuba ba. Shi ne ya yi wa tauraruwa mai wutsiya kirari da ganinki ba alheri ba. Wannan ilimi da yatsa ake miƙa shi, daga babba zuwa yaro, a tsakar gida ko a dandali ko a bakin garke, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, a ga abin da ake nunawa. Ƙamusun Bargery na 1934 zai ci gaba da adana kalmomi, kundina ma zai adana nasa gwargwado a kan kanta. Amma kalmar da ba mai iya nuna abin da take nufi ta zama kamar sunan kakan-kaka a jerin asali, ana faɗinsa ba a san fuskarsa ba. Na gwada 'yan wata makarantar sakandare a cikin gari, kusan dukkansu sun san Zara sunan mace ne, wasu sun san Gamzaki daga sunayen shaguna da ƙungiyoyi, amma da na ce wa zai fita ya nuna mini, sai kallon juna.

Wani abokin karatuna ya ce in jingina hujjata da ganin watan azumi, tunda nan ne kowa zai saurara. Na ƙi, domin ba gaskiya ba ce cikakkiya. Jinjirin wata ana nemansa ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, sama da sauran haskenta, kuma abin da ya fi ɓoye shi hazo ne da gajimare da dogayen gine-gine. Fitila tana iya kashe wa mai duba ido idan tana gabansa, iyakarta ke nan. Rahotannin da ake kai wa fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ba za su yanke ba don an kafa sola a Birnin Kudu. Wanda ya ari rigar addini ya yafa wa hujjar da ba ta kai ba, ranar da aka gane ya yi asarar hujjar da rigar baki ɗaya.

Akwai kuma abin da ya wajaba in faɗa a kaina. Fitilar da ta fi kowacce haske a ƙauyenmu ni na saye ta. Shekarar da na fara karɓar albashi, maciji ya sari wata ƙanwata a hanyar makewayi, Allah ya yi da sauran kwana. Na je kasuwa na zaɓi sola mafi ƙarfi da kuɗina ya kai, na sa aka ɗaure ta a dogon ƙarfe a tsakar gidan da kakata take tsayawa ta dubi yamma. Mahaifiyata ta yi ta sa mini albarka, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na san abin da fitilar bakin titi take yi wa mai tuyar awara da mai shayi, na ga ɗalibai suna bitar jarrabawa a gindinta ranar da aka ɗauke wuta, na kuma san mai naƙudar da za a garzaya da ita asibiti cikin dare ba taurari take nema ba. Ni da Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, kusan sa'o'in juna ne, kuma na tashi ina jin ana yi mana gorin duhu da ƙauyanci. Ba zan zauna a ɗakin karatu mai fanka in ce a bar mutanena cikin duhu don in sami abin rubutawa ba.

Da na faɗa wa Malam haka, sai ya ce ai shi ma bai taɓa cewa a kashe ko ɗaya ba. Ya ce, "Maciji a ƙasa yake, ɓarawo ma a ƙasa yake tafiya. Wa kuke nema a sama da kuke haska ta?" Duk abin da masana wannan fanni suke ba da shawara bai wuce amsar wannan tambaya ba: a sa wa fitila hula ta kalli ƙasa, a zaɓi ƙwai mai ɗan ja-ja maimakon fari fat, a rage ƙarfinta idan dare ya raba, kar a ɗaga ta fiye da bukata. Da yawa daga cikin fitilun sola ma suna zuwa da na'urar da ke rage haske sai an gifta, illa dai mai kafawa yakan bar ta a buɗe don a ga aiki. Garin Filagistaf na jihar Arizona a Amurka ya fara kafa dokar fitilu tun 1958 don kare ɗakunan duban taurarinsa, kuma garin bai koma kufai ba. A Afirka ma an ayyana gandun NamibRand na Namibiya a matsayin wurin da ake kare duhun darensa a 2012, baƙi suna biyan kuɗi su je kallon abin da kakata take gani kyauta.

Birnin Kudu kuwa ta riga ta san ma'anar adana abin gado. Zanen shanun da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun kiɗan da Bernard Fagg ya bayyana wa masana a tsakiyar shekarun 1950, suna cikin kayan tarihin da ƙasa ta amince a kare. Duk lokacin da na tsaya gaban waɗannan shanu nakan tuna cewa ba mu san harshen masu zanen ba, ba mu san sunan da suke kiran kansu ba, kuma daga duk abin da suka gani da idonsu, dutsen nan da saman da ke bisansa ne kaɗai suka iso gare mu kusan yadda suke. Dutsen yana da rajista da mai gadi. A ganina da za a keɓe ko da falale ɗaya a bayan gari, a ce fitilun da ke kewaye da shi dole su sunkuya, da an yi wa makarantun yankin ɗakin gwajin kimiyya da na adabi a wuri guda, ba tare da an aza tubali ba.

Watan Yulin da ya wuce na roƙi Malam ya bi ni Gwaram. An yi ruwa da la'asar ya wanke sama, gajimare ya janye bayan isha'i. Kafin mu fita na kai wa wani maƙerin gwangwani a kasuwa awon fitilar gidanmu, ya yanka mini hula da tsohon kwanon rufi, muka ɗaura mata. Mahaifiyata ta fito ta zagaya tsakar gidan, ta leƙa hanyar makewayi da bakin rumbu, ta ce ita ba ta ga abin da ya ragu ba, sai ma ƙwarin da suka daina faɗo mata cikin tuwo.

Muka bi hanyar gona da yaran gidan su biyar, Malam yana tura babur da akwatinsa a baya. Kaza ba ta fitowa a wannan lokaci sai gab da asuba, amma farar hanyar ta miƙe daga kudu ta ratsa sama, har ana ganin baƙaƙen tsagogin da ke cikinta. Ƙaramar cikinsu ta tambaya ko hayaƙi ne wani ya yi. Goggona, wadda ta biyo mu da sandarta tana faɗan za mu taka mata gyaɗa, ta ce a yi mata shiru, ta fara nuna musu da bakin sandar tana kiran sunaye. Biyu daga ciki ba su cikin kundina. Na laluba aljihu zan ciro waya in ɗauki muryarta, Malam ya riƙe mini hannu ya ce in bari, haskenta zai kashe wa yaran ido, in haddace kawai in rubuta da safe.